Daga Hunturu Zuwa Bazara: Inda Na Kai a Shirin Jarrabawa

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Jarrabawa uku ke gabana a bana: JAMB wajen watan Afrilu, WAEC daga nan har cikin Yuni, sai NECO ta biyo baya da damina. Ajin ƙarshe nake a sakandare, ɓangaren kimiyya, jeka-ka-dawo nake yi daga gidanmu da ke wajen Ƙofar Marusa a Katsina. Abin da ake nema kowa ya san shi: kiredit biyar, dole da Turanci da Lissafi a ciki, wato daga C6 zuwa sama. D7 da E8 sunansu ci, amma a waɗannan darussan biyar babu jami'ar da za ta dube su.

Aikin da na ɗora wa kaina shi ne in bi tambayoyin shekarun baya na Kemistiri, Fiziks, Bayoloji, Lissafi da Turanci, babi-babi, duk inda na kasa in koma littafi. Yaya ya bar mini nasa littattafan. Bangonsu ya tafi, kuma ya zagaye amsoshi da jan biro, sai na sa yankin kwali na rufe gefen kafin in amsa.

Lokaci ne matsalar. Makaranta har ƙarfe biyu, in dawo in tarar da wanke-wanke, bayan la'asar Islamiyya daga Asabar zuwa Laraba. Abin da ya rage mini bayan sallar asuba ne da bayan isha'i, sai yammacin Alhamis da Juma'a. Na zana jadawali na manna a bayan ƙofar ɗakinmu. Umma ta tsaya ta karanta shi ta ce, "Allah ya taimaka. Amma ban ga inda kika rubuta shara ba."

Alhamis, 16 ga Janairu

Sanyi ya buɗe sosai. Hazo ya sauko har daga ƙofar gida ba ka hango ƙarshen layi, duk abin da ka ajiye kuma kafin azahar ya yi fari da ƙura. Karatun asuba da na fi sa rai a kansa shi ne ya fara rushewa. In na yi alwala da ruwan randa yatsuna sukan ƙage, in riƙe biro ba na jin sa, shi ma biron sai na murza shi a tafin hannu kafin ya yarda ya yi rubutu. Yanzu Umma tana rage mini ruwan zafi a fulas tun dare. Wannan ɗan ruwan ya dawo mini da kusan rabin awa kullum.

Dugadugaina sun yi faso. Na dama ya tsage har jini, in na sa safa sai ta manne, cirewa da yamma sai an jiƙa. Dutsen goge ƙafa da man kaɗe da daddare, sannan in sa tsohuwar safa in kwana da ita, shi ke ɗan taimakawa. Leɓe ma haka, dariya mai ƙarfi ba ta yiwuwa. A aji tagar da ke gefen bencinmu babu gilashi, mu huɗu ne a benci, ta bakin tagar ita ke shan iska, don haka muka yi yarjejeniyar karɓa-karɓa. Jiya ina tsakiyar kwafar darasi haɓo ya ɓalle mini, ya ɗiga a kan littafin Lissafi. Ƙawata ta ce in ɗaga kai sama, Malamar Bayoloji ta ce a'a, in sunkuyar da kai gaba in matse hancin da yatsu biyu na 'yan mintuna, don in ka ɗaga kai jinin maƙogwaro yake komawa. Ta ce iskar nan da ke taso mana daga arewa maso gabas, daga Sahara, ba ta da laima, ita ke busar da fatar cikin hanci har ƙananan jijiyoyi su fashe.

A Kemistiri na gama babin mol. Mol ɗaya ƙwayoyi 6.02 × 10²³ ne, kuma mol ɗaya na kowace irin iskar gas yana cin 22.4 dm³ a ma'aunin da aka tsayar. Da waɗannan lambobi biyu rabin tambayoyin babin suke buɗewa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a makon nan rigimata da Hajiya Kaka ce. Tana son kwana da kaskon garwashi a ɗaki, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma. Ni kuma a ɗakinta nake karatun dare saboda ya fi ɗumi, kuma na lura kullum da ciwon kai nake fita. Mun karanta cewa gawayi in yana ci inda iska ba ta wadata ba yana fitar da kabon monoksaid, gas ne marar wari marar launi, yana kama jini fiye da yadda iskar da muke shaƙa ke kama shi sau sama da 200. Mutum ba ya jin komai sai ciwon kai da kasala da barci. Na yi mata bayani a hankali. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, tun ba a haifi ubanki ba nake kwana da kasko." Na ce, "Hajiya, da can ɗakin kara ne da na azara, iska na shiga ta ko'ina. Yanzu siminti ne da silin." Ba ta amsa ba. Baba ne ya raba gardamar: kasko zai ɗumama ɗaki da magariba, kafin a kwanta a fitar da shi tsakar gida, ya kuma ƙaro mata bargo. Har yanzu tana kirana likitar gawayi.

Asabar, 25 ga Janairu

Fiziks ba ya shiga kaina in ban taɓa abin da hannu ba. Yau na ɗaure ɗan dutse da zaren ɗinkin Umma, na rataye a ƙusar da ke bakin ƙofar zaure, na auna tsawon da tef ɗinta. Gefe ɗaya inci ne, ɗayan santimita, sai an kula. Autanmu ya riƙe wayar Umma yana kama lokaci. Zare mai tsawon mita ɗaya, lilo 20 ya ci wajen daƙiƙa 40, wato kowane zuwa da dawowa daƙiƙa biyu. Da na rage zaren zuwa santimita 25 sai lokacin ya koma rabi. Na canja dutsen da wanda ya fi shi nauyi, lokacin bai motsa ba. Wannan shi ne abin da littafi yake ta faɗa mini tun aji biyar ina haddacewa: nauyi ba ruwansa, tsawon zare ne kawai.

Iska ta dame mu, sai da muka rufe ƙofar zauren. Auta ya ce ladansa awara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na yi rajistar JAMB. An buɗe tun 3 ga wata, za a rufe 8 ga Maris, Baba ya ce kada a bari sai azumi ya shigo. Hanyar ba wuya a takarda: ka tura lambarka ta NIN ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, da layin da ba a taɓa yi wa wani rajista da shi ba, a turo maka lambar shaida, da ita za ka biya kuɗi, sannan ka je cibiyar da aka amince da ita. Kati ake buƙata a wayar, ba data ba. Layin nan kuma a riƙe shi da kyau, ta kansa komai zai riƙa zuwa har sakamako.

Yaya ya raka ni a Napep tun da sassafe, muka tarar da layi ya riga ya miƙe har waje. Da safe sanyi, wajen sha ɗaya rana ta buɗe, ga ƙishi ga babu wurin zama. Da na shiga sai na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar nawa. Yatsu goma ake ɗauka, nawa kuwa omo da ruwan sanyi da bushewar hunturu sun cinye zanen, fatar ta yi santsi tana ɓarewa. Mai aikin ya ce in goga yatsan a goshina ya ɗan sami maiƙo, in danna a hankali kada in murza. Da ƙyar suka shiga ɗaya bayan ɗaya, na bayana suna ta tsaki. Ya ce mini, "Ƙanwata, da waɗannan yatsun za ki shiga ɗakin jarrabawa. Ki kula da su, kuma ban da lalle." Na kawo wa Umma wannan magana kamar yadda aka faɗe ta. An sauya mini aiki: ƙanwata ta karɓi wanke-wanke, ni na koma shara da tankaɗe.

Zaɓin makaranta mun daɗe a kansa a gida. Ni na so in sa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, Baba ya ce hankalinsa ba zai kwanta da zirga-zirgar hanya ba a halin da ake ciki. Na sa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a farko, Bayokemistiri, tunda daga gida ma ana iya zuwa. A gurbin kwalejoji na sa Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan cikin gari. Na kuma zaɓi yin jarrabawar gwaji, don ban taɓa amsa tambaya a kwamfuta ana kama mini lokaci ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Bayana da wuyana. Karatu a kan tabarma, littafi a ƙasa, kai a sunkuye, in an jima sai in ji kamar an ɗaure mini kafaɗa. Babu tebur a gidan sai na talabijin. Na kife tsohon turmin Umma, na ɗora faifan katako a kai, na zauna a kujerar tsugunno. Tsayin ya zo daidai. Fitilar caji kuma na daina ajiye ta a gabana tana haska mini ido, na rataye ta a ƙusa ta bayan kafaɗar hagu. Wuta in an kawo da rana sai a yi rige-rigen soket, waya huɗu da fitila biyu, wanda ya makara ya kwana a duhu.

Lissafi: na wuce logaridim, na maƙale a tirigonometiri.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An rufe makarantu saboda azumi, a nan Katsina da Kano da Bauci da Kebbi. Ana ta muhawara a rediyo, wasu na yabo wasu na suka. Ni ina ganin hujjar kowa. Wanda ya taɓa ganin 'yan aji ɗaya suna tafiya gida a ƙasa da ƙarfe biyun rana a watan Maris da azumi a baki ba zai ce hutun banza ne ba. Amma mu 'yan ajin ƙarshe wata guda ne ya fita daga hannunmu, kuma abin da ya fi ciwo ɗakin gwaje-gwaje ne. Karatu ana yin sa a gida, buret da fifet kuwa, bututun gilashin da ake auna ruwa da su, babu su a gidan kowa. Malamin Kemistiri ya cika allo da aikin gida, ya ce, "Wanda ya yi barci wata guda, a takardarsa zan gani."

Ana duban wata yau.

Laraba, 12 ga Maris, 12 ga Ramadan

Jadawalin bayan ƙofa ya tashi daga aiki, na cire shi. Yanzu jiki ne ke tsara lokaci. Daga sahur zuwa wajen ƙarfe takwas kaina garau yake, gari da sauran sanyi, gidan shiru, kowa ya koma barci. A nan nake sa duk abin da ke buƙatar lissafi. Daga tara zuwa azahar abin karantawa kawai, Bayoloji da littafin labarin da aka sa mana a Turanci. Bayan azahar kuwa ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Na gwada dagewa, sai in ga na karanta shafi guda ban san me ya ce ba, don haka na bar wa barci lokacinsa. La'asar na yi sai madafa: kai niƙa, suyar ƙosai, dama kunun tsamiya, feraye dankali. Bayan asham ciki ya yi nauyi, ido na rufewa, ga 'yan tashe sun fara zagaye unguwa da gwangwanaye tun goma ga wata. Karatun dare ya mutu, kuma ban yi baƙin cikinsa ba, awa ukun safe sun fi shi albarka.

Abin da na koya da wuya shi ne ruwa. In na cika ciki da shayi da sahur, kafin hantsi ƙishi ya kama ni. Ruwa kaɗan-kaɗan tun daga buɗa-baki har sahur, da fura mai ɗan kauri, ya fi riƙe ni.

Na sami abin da zai ɗan maye mini ɗakin gwaji. Ina haɗa zoɓo sai na tuna yadda yake canja launi in an taɓa shi da kanwa. Na zuba shi a kofunan gilashi uku. Na farko na matsa lemon tsami, ya ƙara ja ya yi haske. Na biyu na bar shi. Na uku na ɗiga ruwan kanwa, ya yi duhu, na ƙara, ya juya ya koma wani kore-kore mai baƙi. Sannan na ɗauki cokali ina ɗiga ruwan lemon a cikin na ukun, ɗigo-ɗigo ina kaɗawa, har ya dawo ja. To wannan shi ne aikin da muke yi da buret: asid a sama, alkali a ƙasa, ruwan alama a tsakani, ka tsaya daidai ɗigon da launi ya juya. Bambancin kawai can ana karanta lamba, fifet na ɗaukar 25 cm³, kuma sai an maimaita har amsoshi biyu su zo kusa da juna. Umma ta leƙo ta ce in na gama tsafin in zubar da koren, kada wani ya sha.

Lahadi, 23 ga Maris

Zafi ya kai inda ya kai, da rana yana haura 40. Ƙurajen zafi sun feso mini a wuya da gadon baya, daidai inda hijabi ke kwanciya. Ƙaiƙayi ne mai tsira kamar allura, in ka sosa ya ƙaru. A littafin Bayoloji dalilin a fili yake, ƙofofin gumi ne ke toshewa gumin ya taru a ƙarƙashin fata. Maganin da na gani yana aiki shi ne wanka ba tare da goga soso a wurin ba, farar hoda, da barin man shafawa mai kauri, man kaɗen da ya cece ni a Janairu yanzu shi ne abokin gaba. A gida na koma sa ɗankwalin auduga. Ɗaki ba ya kwantuwa, duk mun fito tsakar gida, fitila kuma in ka kunna ta a waje duk ƙwarin unguwa sai sun zo gaishe ka, ga sauro. Cikin gidan sauro nake shiga da littafin in akwai abin da ya zama dole.

Babin gado na gama, kuma shi ne babin da ya fita daga littafi ya shigo gidanmu. Ana shirin bikin 'yar Gwaggo bayan salla, an je gwajin jini, ita AS, shi AA, aka yi hamdala. A wurin hirar sai wata maƙwabciya ta ce ai ko duka biyun AS ne ba komai, ɗa na huɗu ne kawai ke zuwa da sikila, sai a tsaya a uku. Na ɗauko takarda na zana akwatin nan mai gida huɗu: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Na ce, "Inna, ba layi suke bi ba. Kowane ciki da nasa rabon, ɗaya cikin huɗu. Yana iya zama ɗan fari, yana iya zama duka, yana iya zama babu ko ɗaya." Gwaggo ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo, ta ninke ta sa a jaka. Masanin kimiyya Mendel da wani irin wake ya gano wannan tsari, ya wallafa a 1866, mutane ba su kula ba sai bayan ya mutu. Tambayar gado ba ta cika ɓacewa a Bayoloji ba, yanzu kuwa ko a barci aka tashe ni zan zana akwatin.

Goman ƙarshe ne, ana zuwa tahajjud, don haka safiyar ma ta ragu. Abin da na samu nake ɗauka.

Asabar, 29 ga Maris

Mai lalle ta zo gida tun hantsi, 'yan mata sun cika tsakar gida, ƙamshinsa ko'ina. Ni ban sa ba. Hukumar JAMB da kanta ta yi gargaɗi cewa lalle a kan yatsu yana hana na'ura gane zanen, kuma wanda na'ura ba ta gane ba ba ya shiga. Jan lalle yana ɗaukar makonni kafin ya fita, jarrabawar gwaji kuma 10 ga Afrilu ce. Ƙanwata ta ce salla ba lalle ai ba salla ba ce. Hajiya Kaka ta ce a yi mini a ƙafa da bayan hannu a bar yatsun, haka aka yi. Mai lallen ta ce bana ni ce ta uku da ta zo mata da wannan sharaɗin.

Littafi a rufe har a gama yawon salla.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Jiya na yi jarrabawar gwaji. Yatsuna sun shiga a karon farko, wannan kaɗai ya sauke mini rabin fargaba.

Tsarin babbar jarrabawar shi ne tambaya 180 a cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku, maki 400 gaba ɗaya. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. A gida na san wannan lissafin, amma sanin sa daban, ganin agogo na raguwa a saman allo daban. Linzamin kwamfutar hannuna bai saba da shi ba, sai na koma madannai: A, B, C, D na amsa, N ka wuce gaba, P ka dawo baya, S kuma na miƙa aiki ne, kada hannunka ya je kusa da shi sai ka gama. Da Turanci na fara, kuma dogayen nassoshin sun ci mini lokaci fiye da ƙima, ga hasken allon yana sa idona ruwa. Bayoloji ya tafi da sauri. Fiziks ne na tarar a ƙarshe lokaci ya ƙure, na riƙa zaɓe ba tare da na yi lissafi ba. A babbar zan fara da Bayoloji, in bi da Kemistiri, in ba Fiziks lokacinsa, Turanci ya zo a ƙarshe in kuma bar nassoshin su zama na bayan baya.

Ɗakin da sanyin na'ura, na fito kuma rana ta dake ni, kafin in kai gida mura ta kama ni. A watan Afrilu. Umma ta dafa mini citta da kanumfari.

An ce za a fara babbar jarrabawar 24 ga wata, sai an fitar da takardar da ke nuna rana da cibiya zan san tawa. An kira mu 'yan ajin ƙarshe mu riƙa zuwa har Asabar saboda aikin ɗakin gwaji. Abin da ya rage mini: babin kabon da danginsa a Kemistiri, madubi da gilashin haske a Fiziks, tirigonometiri da har yanzu bai sake ni ba, da rubutun wasiƙa na WAEC da ban taɓa ba tun Janairu. Yaya ya yi alkawarin aro mini kwamfutar abokinsa ranar Lahadi, in an kawo wuta.